Gonar da za ta ciyar da kanta tun da rani ake gina ta

Malam Edita, assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini don mu yi magana da matasan da ke barin birni suna sayen 'yan filaye a bayan Sandamu, Zango da Mai'aduwa, da niyyar su zauna a gona su huta da hayaniya. Niyyar tana da kyau ƙwarai. Abin da ke karya wa da yawansu gwiwa shi ne son cika rumbu a damina ta farko, alhali ƙasar da ta gaji takan sha hidimar shekara biyu ko uku kafin ta fara biya.

Tsarin noman da matasan suke karantawa, na gonar da ke ciyar da kanta, wanda Bill Mollison da David Holmgren na Ostireliya suka raɗa wa suna permaculture a shekarun 1970, kakanninmu sun san gundarinsa: kara ya ciyar da dabba, kashin dabba ya ciyar da ƙasa, ruwan da ya sauka a gona kada ya fita.

A fara duba irin ƙasar. In fako ce, wadda ruwa ke zamewa a kanta, tassa ce maganinta, ramukan nan da Yakuba Sawadogo na Burkina Faso ya farfaɗo da su. Faɗin rami santimita 25 zuwa 30, zurfi 15, tsakanin rami da rami kamar 80. Ƙasar da aka haƙo a tara ta ta gefen gangare don ta tare ruwa. Wanda ya tara ta ta sama ya toshe wa ramin hanya da hannunsa. A zuba taki tafin hannu biyu tun watan Maris ko Afrilu. Gara za ta biyo takin, ta huda ƙasar, ruwa ya samu hanyar nutsewa. Aiki ne mai cin jiki, domin hekta ɗaya takan ɗauki rami fiye da 15,000, saboda haka a yanki ɗan ɓangare kowace shekara. A jigawa kuwa, kuma yawancin ƙasar Daura jigawa ce, rairayi zai binne ramukan. Can sai a shimfiɗa kara a ƙasa, a daina ƙona shi.

Ɗanyen kashin dabba yana ƙona tsiro, yana kuma zuwa da irin ciyawa. A haƙa rami zurfin mita ɗaya a inuwa, a jera yankakken kara, kashin awaki, ɗan toka, a yayyafa ruwa, a maimaita har ya cika. A soka sanda a tsakiya. In bayan kwana huɗu ta fito da zafi, taki ya kama. In ta fito da sanyi, ruwa ya yi kaɗan. In wari ya tashi, ya yi yawa. A juya duk sati biyu, cikin wata uku ya nuna.

Wanda ya sare gawo a gonarsa ya yi babbar asara. Yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa gero rana, da rani kuma ya ba da inuwa da 'ya'yan da tumaki ke ci. Kututturen kalgo da sabara ma a daina tumɓuke su. A zaɓi tofo uku zuwa biyar masu ƙarfi, a yanke sauran da wuƙa mai kaifi daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya sale. Da haka manoman Maraɗi suka dawo da itatuwa gonakinsu tun shekarun 1980. Sai dai bayan kaka ana sakin dabbobi, kuma tofon da ba a kewaye da ƙaya ba, ko zogalen da ba shinge, akuya za ta gama da shi cikin yini ɗaya.

A haɗa gero da wake, a riƙa juyawa da gyaɗa, a cire wuta-wuta kafin ta yi fure.

Roƙonmu ga KTARDA, hukumar bunƙasa aikin gona da raya karkara ta Jihar Katsina, shi ne malaman gona su riƙa shiga ƙauyuka daga watan Fabrairu, lokacin haƙa da haɗa taki, domin in ruwa ya sauka kowa shuka ce a gabansa.

Daga wasu manoma,
Daura, Jihar Katsina.