Vittorio Pozzo: A Duba Aikinsa a Fili, Ba Kofuna Kaɗai Ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarmu mai farin jini mu yi magana a kan Vittorio Pozzo, tsohon kocin tawagar ƙwallon ƙafa ta Italiya, wanda har zuwa gasar 2022 shi kaɗai ne kocin da ya ci kofin duniya sau biyu. Abin da ke damunmu shi ne yadda ake ambaton kofunan a wuce, wasu ma su ce ikon Mussolini, mai mulkin Italiya a lokacin, ne ya ba shi. Gaskiya ne gwamnatin ta ci moriyar gasar 1934 da aka yi a Italiya, amma kofin 1938 a Faransa aka ɗauke shi, zinaren Olamfik na 1936 kuma a Jamus.

An haife shi a Turin a 1886. Wasansa bai yi nisa ba: ya buga wa Grasshoppers ta Zurich, sannan Torino daga 1906 zuwa 1911. Zamansa a Manchester ne ya buɗe masa ido, inda ya riƙa kallon Charlie Roberts, ɗan tsakiyar Manchester United mai tare hari ya kuma rarraba ƙwallo. A kan irin wannan ɗan wasa ya gina tsarinsa bayan ya karɓi tawagar ƙasa gaba ɗaya a 1929.

Tsarin, wanda ake kira Metodo, 2-3-2-3 ne. A 1925 an sassauta dokar satar gida, aka rage masu tsaron da ake buƙata daga uku zuwa biyu, ƙwallaye suka yawaita. Herbert Chapman, kocin Arsenal, ya mayar da ɗan tsakiyarsa ɗan baya na uku. Pozzo ya ƙi bin wannan hanya. Ya bar 'yan baya biyu a bakin raga, ba sa bin kowa, aikinsu share abin da ya tsallako. 'Yan tsakiya na dama da hagu su ke riƙe 'yan gefen abokan hamayya. Daga cikin 'yan gaba biyar ya janyo biyu baya, Meazza da Ferrari, don tsakiya ta cika. Nauyin duka yana kan mutum ɗaya, Luis Monti: in an rasa ƙwallo ya manne wa ɗan gaban tsakiya, in an samu ya cilla doguwa ga Orsi ko Guaita a gefe. Da wannan suka doke Chekoslobakiya 2-1 a Rum a wasan ƙarshe na kofin duniya na 1934, Schiavio ya ci ta biyu a ƙarin lokaci.

Raunin tsarin ma yana wurin. A wasansu da Ingila a filin Highbury na Landan, Nuwamba 1934, Monti ya karye a ƙafa a mintunan farko, kuma lokacin ba a canjin ɗan wasa. Kafin minti 15 Ingila ta zura uku, domin babu mai riƙe Ted Drake, ɗan gaban tsakiyar Ingila, babu kuma mai fara hari. Meazza ya rama biyu bayan hutu, aka tashi 3-2. Duk kocin da zai ɗora tsaro da rabon ƙwallo a wuyan mutum guda, ya tanadi magajinsa tun kafin wasa.

Abin da ya fi burge mu shi ne 1938. A wasan ƙarshe, Meazza da Ferrari kaɗai suka rage daga waɗanda suka buga wasan ƙarshe na 1934. Ya sa Andreolo a gurbin Monti, ya kawo Piola da Colaussi, su biyun kowanne ya ci biyu suka doke Hangari 4-2.

Zuwa bayan yaƙin duniya na biyu ƙungiyoyin Italiya, har da Torino, sun koma tsarin 'yan baya uku, Pozzo kuma ya rasa 'yan wasan da suka saba da nasa. A 1948 Ingila ta ci su 4-0 a Turin, Danmak ta ci su 5-3 a Olamfik, aikinsa ya ƙare. Ya ci gaba da rubutu a jaridar La Stampa, ya rasu a Disambar 1968.

Naku,
Wasu masu horar da matasa ƙwallon ƙafa