Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga kamfanin da ya sayar mini da ƙaramar tarakta a Damagaram

Zuwa ga shugaban kamfanin, a babban ofishinku na Yamai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, na fito da wannan magana bainar jama'a ne saboda duk ƙofar da na ƙwanƙwasa a asirce an rufe mini ita. Ta ƙarshe an rufe ta ranar Litinin 28 ga Afrilu da ƙarfe 11 da minti 20 na safe, kuma da cin mutunci aka haɗa. Ban kama sunan kamfaninku a nan ba, domin har yanzu gyara nake nema. Amma kun san kanku, mai kula da reshenku na nan Damagaram kuma ya san muryata.

Ni masunci ne, gadon gidanmu ke nan. Na daɗe ina aiki a tafkin Chadi ta wajen Ngigmi, har shekarar 2015 da hukuma ta ce kowa ya fice daga tsibirai saboda tashin hankali. Abin da na tsira da shi jirgina ne, mai tsawon mita 7, da injinsa mai ƙarfin doki 40. Da shi nake neman abinci yanzu a tafkin Gidimuni, wani lokaci a Lasuri, ni da yara matasa da ke ci a ƙarƙashina. Idan ruwa ya ja baya sai mu ɗora shi a kan remok ɗinsa, wato tirela mai taya huɗu, mu kawo shi gida a yi masa gyara, don ba mai barin inji irin wannan a bakin ruwa ya yi barci. Jirgi da inji da remok, an auna su a sikelin manyan motoci, kilo 1,800 ne.

Daga Gidimuni zuwa cikin gari hanya ba ta da wuya, mota na ja. Wahalar tana cikin lungunmu na Zango. Faɗinsa bai kai mita 4 ba, ya yi gwiwa a tsakiya, ƙofar gidana kuma tana bayan gwiwar. Mota ba ta iya juyawa a wurin. Da can samarin unguwa nake tarawa su tura da hannu, wani na riƙe da dutse yana bin taya, kowa na ihu. Na ga ranar da ƙafar wani yaro ta kusa shiga ƙarƙashin taya, shi ya sa na ce gara in ci bashi in sayi ƙaramar tarakta, ta shigar da jirgi da rani, da damina kuma ta yi mini huɗa a gonata ta hanyar Mirya.

Abin da na faɗa wa ma'aikacinku ke nan tun ranar farko, ban ɓoye masa komai ba. Shi da kansa ya zo gidana, ya ɗauko ma'auni ya auna lungun, ya auna ƙofa, ya zagaya remok ɗin. Shi ya ba ni shawarar a ɗaura wa taraktar farantin ƙarfe mai ƙugiya a goshi, tare da ƙarafan nauyi. Shawarar kuwa daidai ce, duk wanda ya taɓa shigar da dogon remok matsattsen wuri ya sani. In ƙugiya tana gaba, tura remok kake yi fuskarka na kallonsa, kana ganin bango dama da hagu. Tayoyin da ke juyawa suna dab da wuyan remok, ka ɗan murɗa sitiyari kaɗan ya amsa nan take. In kuwa ƙugiya tana baya, wuya za ka karkata kana leƙe ta kafaɗa, ka murɗa hagu gindin remok ya nufi dama, kafin ka ankara ya naɗe ya haɗu da taraktar. Saboda wannan farantin na zaɓi kamfaninku na bar wani da ya yi mini sauƙin kuɗi.

Ranar Talata 14 ga Janairu na biya kuɗi lakadan: sefa miliyan 6 da jika 800 na tarakta mai ƙarfin doki 25, da jika 450 na farantin gaba da ƙugiya da ƙarafan nauyi, harajin kashi 19 cikin ɗari yana ciki. Rasit yana hannuna da hatiminku, kowane abu a layinsa. Wajen farkon Fabrairu aka kawo tarakta. Goshinta babu komai. Ba faranti, ba ƙugiya, ba ƙarfen nauyi ko ɗaya. Aka ce kayan suna Lome, wai tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 sai ta Burkina kaya ke biyowa, in yi haƙuri da mako biyu. Na san wannan matsala gaskiya ce, duk ɗan kasuwa a kasuwar Dole yana kuka da ita. Amma kun santa tun kafin ku karɓi kuɗina, iyakar ba a watan Janairu aka rufe ta ba.

Ga inda laifinku ya fi girma. Da na ce jirgi zai dawo gida kafin azumi ya yi nisa, sai ma'aikacin nan ya aiko yaro da wata sandar ƙarfe mai ramuka, ya gitta ta tsakanin hannuwan baya guda biyu da ake ɗaura garma, ya dasa dunƙulen ƙugiya a tsakiyarta. Ya ce da wannan zan iya aiki lafiya lau kafin kayana su iso. Na tambayi yaron ko akwai wani abu da zan kiyaye, ya ce babu, sai dai in tafi a hankali.

Ranar Alhamis 6 ga Maris, bayan la'asar, muna cikin azumi, ɗan ƙanena ya hau taraktar. Yaro ne da ya iya tuƙi, ya yi shekaru yana jan tarakta a gonakin mutane. Tun a bakin lungu ya ce mini: “Baba, gabanta ya yi sakayau, sitiyari ba ya kamawa.” Haka ne kuwa, tayoyin gaba suna shafar ƙasa ne kawai, domin nauyin wuyan remok yana danna sandar can bayan tayoyin baya, goshi kuma babu ƙarafan da na biya. Da dabara ya wuce gwiwar lungun, baya-baya, da giya mafi ƙanƙanta. A ƙofar gidana akwai tudun siminti da na yi don tare ruwa bayan ambaliyar 2024, daminar da ta rushe tsohon masallacin Birni. Tayoyin remok na baya suka hau tudun suka tsallake, suka rataya. Nauyi duka ya koma kan tayoyin remok na gaba da ke bisa tudun, injin da ke gindin jirgi ya rinjaya, sai wuyan remok ya yi sama lokaci guda. Hannuwan taraktar suka bi shi sama ba abin da ya tare su. Ƙarfen ya daki bayan kujera, yaron ya faɗo gefe a kan kafaɗarsa, remok ya karkace ya naushi katangar Hajiya maƙwabciyata, ƙafar inji ta bugi ƙasa farfela ta lanƙwashe.

Da ƙarfen nan ya ƙara tashi taki ɗaya, ƙashin bayan yaron zai samu. Wannan nake so ka karanta sau biyu, ranka ya daɗe.

Washegari na kira wani tsohon bakanike da ya ƙware a taraktoci. Kallo ɗaya ya yi wa sandar ya riƙe baki. Ya nuna mini da hannunsa: ya kama hannuwan bayan ya ɗaga su sama, inji a kashe, suka tashi ba gardama. Ya ce a irin waɗannan ƙananan taraktoci ƙarfin man da ke motsa hannuwan, ɗagawa kawai yake yi, ba ya dannawa ƙasa, nauyin garma ne ke saukar da hannuwan. Saboda haka duk wanda zai ja remok da irin wannan sanda dole ya ɗaure ta da ƙarafan tokare guda biyu da ke hana ta tashi, ko kuma ya yi amfani da maja ta ƙarƙashin ciki, wadda take ƙasa da tsakiyar tayoyin baya. Ya ƙara da cewa ƙa'ida ce a bar aƙalla kashi 20 cikin ɗari na nauyin tarakta a kan tayoyin gaba, in ba haka ba sitiyari ya zama ado. Ya kuma tuna mini cewa birkin irin wannan tarakta a tayoyin baya yake, ita kanta ba ta kai tan ɗaya ba, abin da take turawa ya kusa ninka ta biyu. Wannan tsari na hannuwa uku, biyu a ƙasa ɗaya a sama, tun shekarun 1920 Harry Ferguson ya yi rajistarsa a Birtaniya. Kusan shekara ɗari duniya ta san halinsa. Yaya za a ce kamfanin da sana'arsa ke nan bai sani ba? In kun sani kuka yi shiru, wannan ya fi muni.

Littafin da kuka haɗo da taraktar ma kwafi ne da aka buga a shago, shafuka sun ɓace a tsakiya, hotunan sun dushe har ba a gane su.

Daga nan aka shiga yawo da hankali. Na je reshenku, aka ce mai gida ya tafi Maradi. Na koma, aka ce sai bayan Sallah. Bayan Sallah aka ba ni wata lamba ta Yamai, tana ta ringin ba a ɗauka, wata rana a ɗauka a ce za a kira ni. Na tura hotuna ta WhatsApp, na ga alamar an buɗe, ba amsa. Na rubuta takarda na kai da hannuna, sakatare ya karɓa ya ƙi sa mini hannu a kwafin. A tsakanin nan ni ke biya: jika 135 na farfela da gyaran ƙafar inji, kuɗin hoton kafaɗa da magani da ɗori, ga magini ya yanka wa katangar Hajiya jika 210. Matar nan marayu take riƙo. Ta gina katangar ne da taimakon dangi bayan ruwan 2024 ya kayar da ta farko, yanzu zana ce ta kare mata tsakar gida. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, kullum sai dai ta ce: “Alhaji, Allah ya kiyaye gaba.” Wannan kawaicin nata ya fi zagi yi mini zafi.

Sai ranar 28 ga Afrilu. Mai kula da reshenku ya ɗauki waya da kansa. Na gaishe shi, na faɗi sunana, na ce maganar faranti ce da ɓarnar da aka yi. Ga abin da ya ce, ban ƙara ba ban rage ba, akwai mutum biyu zaune kusa da ni suna ji: “Tsoho, mu tarakta muka sayar maka, ba mu sayar maka da iya tuƙi ba. Kuma me jirgin ruwa yake yi a Damagaram, garin da ko na sha sai an bi ƴan ga-ruwa? Ka nemi jakuna su ja maka.” Na ce masa: “Ɗana, jika 450 nawa fa?” Ya ce in kai ƙara duk inda nake so, ya kashe waya. Duka maganar minti 3 ce. Na sake kira, ya toshe lambata.

Na haifi wanda ya girme shi. Kuma ƙarancin ruwan Damagaram ba abin ba'a ba ne a bakin wanda yake cin abinci da kuɗin mutanen Damagaram. Mata da yara ne ke kwana a layin famfo da jarkoki, a cikinsu akwai iyalan waɗanda ke shigowa shagonku da kuɗin gyaɗa da na wake.

Abin da nake nema a fili yake. A kawo farantin gaba da ƙugiya da ƙarafan nauyi a ɗaura, ko a maido mini da jika 450 in kai wa mai walda ya ƙera mini. A biya katangar Hajiya da gyaran inji da kuɗin jinyar yaron. A turo ma'aikacin da ya san aiki ya duba hannuwan baya da kujera, domin tun ranar ɗaya hannun ya karkace. Shi kuma wanda ya zage ni ya rubuto takardar ban haƙuri da sa hannunsa.

Amma ko kun biya ni gobe, maganar ba ta ƙare a kaina ba. Tun da abin nan ya faru nake lura da irin taraktocinku a hanyar Mirya da ta Magarya. Na ga an ɗaura amalanke cike da buhuna a irin wannan sanda ba tokare. Na ga wanda ya ƙulla sarƙa a mahaɗin sama, can kusa da kujera, yana jan kututture, alhali ja daga sama haka shi ke sa tarakta ta miƙe ta kife a kan direbanta. Ba wanda ya gaya musu, domin a reshenku babu bakanike, babu mai koyarwa, babu kayan gyara, mai karɓar kuɗi kawai kuka ajiye. Kuna zaune a Yamai, nisan kusan kilomita 900, kun mai da mu wurin zubar da kaya. Ƙungiyoyin manoma suna tara kuɗi shekara da shekaru, wasu da bashin banki, ku miƙa musu makulli ku juya baya. Ina kira gare ku da ku daina sayar da ko da tarakta ɗaya a jihar nan sai kun ajiye bakanike na dindindin, kun buga takardar gargaɗi da Hausa da Faransanci mai hotuna, kuma duk wanda ya saya an zauna da shi yini guda an nuna masa inda ake ɗaura kaya da inda ba a ɗaurawa.

Na ba ku daga yau zuwa Babbar Sallah, domin dole katangar Hajiya ta tashi kafin ruwan farko. In lokacin ya wuce ban ji daga gare ku ba, zan ɗauki rasit da hotuna da takardar likita da shaiduna biyu in kai gaban alƙali, ƙasar nan tana da dokar kare masu saye tun 2015. Zan kuma kai kwafi majalisar manoma ta jiha da gidajen rediyon garin nan, kuma a ranar zan faɗi sunanku. Lambata tana jikin rasit ɗin da ke ofishinku, sai ku ce wa mutuminku ya buɗe ta.

Wassalam.

Mai jirgi, unguwar Zango, Damagaram.