Zuwa ga ɗana, sabon hafsa

Kawo, Kaduna

Ɗana,

Assalamu alaikum. Tun ranar da aka yaye ku a makarantar horar da hafsoshi ta Afaka na ga anini a kafaɗarka nake son mu keɓe, amma 'yan barka suka cika gidan har ka tafi. To ga abin da ke raina.

Ka san ni a sito na ƙare aikin soja, tsakanin buhuna da akwatunan harsashi, kuma a can na ga abin da ba a gani a filin fareti. Wata shekara aka kai mu daji, motar abinci ta yi kwana uku ba ta iso ba. Da idona na ga wani kofur, mutumin kirki mai tsare salla, ya faɗa gonar wani tsoho ya tuge rogo yana ci ɗanye, ƙasa duk a leɓensa. Kwamanda ya sa aka hore shi a gaban kowa. A daren nan kuma ni aka aika na kai wa kwamandan shinkafa da gwangwanin madara tantinsa. Yaran ba su ce uffan ba, amma daga ranar hannu kawai ke sara masa. Har gobe abin yana ci mini rai.

Na tabbata an karantar da ku yaƙin 'yancin Amurka. A Disambar 1777 Janar Washinton ya shiga sansanin Valley Forge da mutum wajen 12,000, cikin sanyin da hunturun Kaduna wasa ne a kansa. Kafin su fita a Yunin 1778, kusan 2,000 sun rasu, kuma cuta da yunwa da rashin sutura ne suka ci su, ba dakarun Ingila ba. Abin takaicin, ƙasar ba ta rasa abinci ba. Amalanken ɗauko shi ne babu, manoma kuma sun gwammace su sayar wa Turawan Ingila a Filadelfiya su karɓi tsabar kuɗi, da su karɓi takardar kuɗin Amurka da darajarta ke zubewa kullum. Sai a Maris aka ɗora Janar Nathanael Greene kan kayan rundunar. Bai so ba, don aikin sito ba ya jawo kirari, amma ya karɓa, ya gyara hanyoyi da sufuri, tukunya ta fara tafasa.

A lokacin ne wani Bajamushe, von Steuben, ya ware mutum kamar 100 ya shiga fili yana hora su da kansa, su kuma suka koya wa saura. Ka lura da wannan sosai. Bai zauna a inuwa ya ce sajan ya ji da su ba.

Mu ma a gida muna da namu. Jama'ar Shehu Usmanu sun yi nasara a Tabkin Kwatto a 1804, ƙarshen shekarar suka sha wuya a Tsuntsuwa, yunwa kuma ta bi su. Daga baya, da son ganima ya shiga zukatan wasu, Malam Abdullahi ƙanin Shehu ya kasa jurewa, ya bar rundunar a 1807 ya nufi gabas har ya tsaya a Kano. Idan rundunar da malamai ke jagoranta ta gamu da wannan, kai wa ka fi?

Don haka ina roƙonka, kada ka sa loma sai ka leƙa kwanon kurtunka. Kada ka sa hannu a takardar kayan da ba ka ƙirga da idonka ba, ko mai siton tsoho ne kamata. Alawus ɗin yaro amana ce, ko sisi kada ya kwana a aljihunka. Wanda ya taɓa akuyar talaka ka hukunta shi ba sani ba sabo, ka biya mai akuya, sannan ka tambayi kanka yaushe rabon yaron da abinci. Tsohon sajan ɗinka kuwa ka riƙa jin ta bakinsa, ya riga ka shan rana.

Mahaifiyarka ta ba direba kilishi da dakuwa ya kawo maka, ta ce ka raba da yaranka. Ka kira ta ranar Juma'a, ba ta barci sosai tun tafiyarka. Allah ya tsare, ya yi maka albarka.

Mahaifinka