Godiya ga shagon da bai ce mini "sai an goge" ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Alhaji mai shagon gyaran kwamfuta da ke saman bene a titin Beirut, Kano, da yaran da ke aiki a ƙarƙashinsa. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ya kasuwa, ya haƙuri da jama'a?

Na zaɓi in rubuta wannan takarda a fili, inda kowa zai karanta, saboda mun saba in aka ɓata mana rai mu hau Facebook mu yi ta kumfar baki, in kuwa aka kyautata mana sai mu kama bakinmu mu koma gida. Yabon gwani ya zama dole, balle gwanin da aka sha wuya kafin a same shi.

Ni malamin sakandare ne, ilimin halittu nake koyarwa. Kwamfutata ta tafi-da-gidanka ta hannu ce, ƙirar wajen shekarar 2013, kuma a cikinta duk wani abin aikina yake: tambayoyin jarrabawa, sakamakon ɗalibai, darussan da na tara shekara da shekaru. Da kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, sai aka gaya mini irin tawa ba za ta ɗauki Windows 11 ba, don ba ta da wani ƙaramin ƙarfen tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma injinta ya tsufa. Sayen sabuwa kuwa, duk wanda ya san albashin malami ya kuma san farashin dala a yau ba sai an yi masa bayani ba. Ɗan yayata da ya karanta kwamfuta a jami'a ne ya ce kada in damu, ya ɗora mini Linux Mint, wata babbar manhajar tafiyar da kwamfuta da ke maye gurbin Windows, kyauta, babu kuɗin lasisi, ya kwashe takarduna ya mayar mini da su cif, sannan ya wuce bautar ƙasa can kudu inda ko a waya sai an yi sa'a ake samunsa.

Gaskiya kwamfutar ta farfaɗo. Abin da a da sai na kunna na je na yi alwala na dawo kafin ya gama buɗewa, yanzu nan take. Rubutu lafiya lau, imel lafiya lau. Bidiyo ne ya zame mini ƙarfen ƙafa. YouTube yana buɗewa, amma minti kaɗan fanka za ta fara kuka, ƙasan kwamfutar ya ɗau zafi, hoton ya riƙa tsayawa murya na ci gaba, batir kuma ya zube kafin a gama darasi ɗaya. Ga mu da wutar lantarkin da kowa ya san halinta. Bidiyoyin shafukan labarai da na sada zumunta kuwa, baƙin akwati kawai nake gani da ɗan da'ira yana ta juyawa. Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne wani kwas na ƙarin ilimi da na biya kuɗinsa ta intanet, ga kuɗi sun fita, ga wa'adi yana tafiya, ga bidiyon darasin ya ƙi ko motsi.

Daga nan na fara yawon shaguna, kuma a nan ne na ga abin da ya ishe ni. Wani ko karɓar kwamfutar bai yi ba, daga nesa ya hango allon ya ce, "Baba, wannan ai ba Windows ba ce, sai an yi mata fomatin." Wani ya danna nan ya danna can, ya girgiza kai, ya ce bairos ne ya cinye ta. Wani ya rantse katin hoto ne ya mutu, kuma cikin ikon Allah yana da wata kwamfutar a ƙarƙashin tebur da zai sayar mini da sauƙi in na ba shi tawa na yi ciko. Akwai wanda ya kalle ni sama da ƙasa, da furfurata da komai, ya tambaye ni ko kutse nake koyo, wai Linux na 'yan kutse ne. Na ƙarshensu cewa ya yi wannan abin ba ya aiki da netwok ɗin Nijeriya, yana faɗa yana latsa wayarsa ta Android, wadda daga baya na ji ashe ita ma a kan ƙashin bayan Linux aka gina ta. Dukkansu magani ɗaya gare su: a goge komai, a ɗora Windows na sata wanda aka fasa makullinsa, a karɓi kuɗi. Da na tambayi ɗaya makomar takardun ɗalibaina, sai ya ɗaga kafaɗa ya ce ai da na ajiye su a fulas. Babu wanda ya tambaye ni mene ne ainihin abin da ya ƙi aiki.

Yaronka, Alhaji, da wannan tambayar ya fara. Saurayin nan siriri mai tabarau da ke zama kusa da taga. Ya miƙe ya ba ni kujerarsa, ya sa aka kawo mini ruwa, sannan ya ce, "Baba, nuna mini wanda yake buɗewa da wanda ba ya buɗewa." Da ya ga YouTube na tafiya sauran sun ƙi, sai ya yi murmushi ya ce kwamfutata ƙalau take, kuma ba za a goge ko harafi ɗaya ba. Wallahi sai da na ji kamar an sauke mini kaya.

Abin da ya fi burge ni, bai ɓoye aikinsa ba. Ya juyo da allon inda zan gani, yana yi yana bayani. Ya ce kowane bidiyo a dunƙule yake zuwa, sai an sami ƙaramar manhaja da ake kira kodek ta warware shi, kamar tafinta tsakanin baƙo da mai gida, in babu mai jin yaren baƙon sai dai a zauna ana kallon juna. YouTube yakan aiko da bidiyonsa a tsarin VP9 ko AV1, waɗanda kowa ke da izinin amfani da su kyauta, shi ya sa Firefox, manhajar da nake shiga intanet da ita, ke zuwa da su a cikinsa. Shafuka da yawa kuwa har yanzu H.264 suke amfani da shi, tsarin da ya fito tun 2003, wanda kamfanoni da dama ke riƙe da haƙƙin ƙirƙirarsa. Saboda gudun shari'a a ƙasashe irin su Amurka, masu haɗa Linux da yawa ba sa cusa shi kai tsaye, sai dai su bar wa mai kwamfuta ya zaɓa. A Linux Mint wani ɗan akwati ne ake latsawa lokacin ɗora shi, kuma da alama ɗan yayata cikin gaggawar tafiya ya tsallake shi. Yaron ya buɗe jerin manhajoji, ya danna wurin sa kodek ɗin, muka jira kaɗan. Baƙaƙen akwatunan nan da suka hana ni barci duk suka buɗe.

Na kwas ɗin kuma daban ne. Ya ce masu sayar da bidiyo, irin su Netflix, da masu waƙa irin su Spotify, da wasu makarantun intanet, sukan kulle kayansu don kada a kwafa, kuma makullin da aka fi amfani da shi sunansa Widevine, mallakar Google tun 2010. A Firefox na Linux a kashe yake zuwa, sai mutum ya shiga saiti ya amince da kansa. Latsawa ɗaya ce. Na zauna ina kallon malamin kwas ɗina yana magana a karon farko, ina tuna mutumin da ya so in yi musanyen kwamfutar gaba ɗaya.

Bai yi mini daɗin baki ba kuma. Ya gaya mini tun da wuri cewa masu irin wannan kulle ba sa ba Linux cikakken ingancin hoto, galibi a 720 suke tsayar da shi, komai kyan allon mutum da ƙarfin intanet ɗinsa, kuma wannan shawarar kamfanonin ce, babu mai gyaran da zai canza ta, duk wanda ya ce zai iya kuɗina kawai yake so. Na ce masa ɗana, ni da nake lissafin data kamar mai awon gishiri a gidan marayu, ko 480 aka ba ni na gode. Haka ya faɗa mini cewa Microsoft Office ba shi da na Linux, LibreOffice zai buɗe takarduna, amma wani lokaci tsarin shafi yakan ɗan goce, don haka in duba kafin in kai bugawa, ko in mayar da takardar PDF. Mai neman kuɗi da ido rufe ba ya faɗa maka aibin abin da ya gyara.

Batun zafi da kukan fanka shi ya fi ɗaukar lokaci, kuma a nan na tabbatar yaron ya san aikinsa. Ya ce katin hoton kwamfutoci na zamanin tawa an ƙera shi ne ya warware H.264 da kansa ba tare da wahala ba, amma bai san VP9 ba, balle AV1 da ya zo daga baya. Don haka duk sanda YouTube ya aiko da sabon tsari, babban injin ne ke ɗaukar nauyin duka, shi ne zafin, shi ne cin batir. Ya tabbatar direban katin hoton, wato ƙaramar manhajar da ke sarrafa shi, yana nan, ya duba cewa Firefox yana miƙa masa aikin, sannan ya sa wani ɗan ƙari mai suna h264ify da ke sa YouTube ya aiko da tsohon tsarin. Ya buɗe wani allo mai nuna wahalar da injin ke sha, ya nuna mini kafin da bayan, layin da ke can sama ya sauko ƙasa. Yanzu nakan nuna wa ɗalibai bidiyon rabuwar ƙwayar halitta daga farko har ƙarshe a aji ba tare da na nemi soket ba.

Sauran ayyukan na yau da kullum ne: an busa ƙura, an sa Chrome a gefe saboda shafukan da ke yi wa Firefox gardama, an sa Zoom. Da ya ga ina fama da ɗ da ƙ da ɓ, sai ya kunna mini tsarin madannai na Hausa, ashe yana cikin Linux ɗin tun asali, ban taɓa sani ba. Kuɗin da kuka karɓa bai kai rabin abin da masu fomatin suka yanka mini ba, kuma sai da ya rubuta mini duk abin da ya yi a takarda, wai ko da wata rana zan kai wani wuri.

Wannan Chrome na gefe da na ambata shi ke tayar mini da wani mikin. Me ya sa har yau wasu shafukan hukumomi da makarantu da ake tilasta mana shiga, na biyan kuɗi ko na cike fom, suke korar mutum saboda manhajar da ya shigo da ita? Akwai wanda na gani da idona yana cewa a yi amfani da Internet Explorer, abin da masu shi suka yi wa ritaya tun watan Yunin 2022. Akwai wanda har yanzu yake neman Flash, wanda Adobe ya rufe babinsa a ƙarshen 2020. An ba da kwangila, an ci kuɗi, an yi bikin ƙaddamarwa, daga nan babu wanda ya sake waiwayar shafin. In ka je ofishinsu da ƙorafi, sai a ce ka tafi kafe. Talaka ya biya kuɗin fom, ya biya kuɗin mota, ya biya mai kafe, duk a kan aikin da aka ce an sauƙaƙa.

Masu gyara su ma sai sun yi wa kansu faɗa. Kasuwanninmu cike suke da kwamfutocin hannu irin tawa, masu ƙarfe mai kyau, da ba za su taɓa ɗaukar Windows 11 ta halastacciyar hanya ba. Ɗalibai da malamai da ƙananan 'yan kasuwa su ke riƙe da su. In duk abin da ake koya wa yaron shago shi ne goge-ka-ɗora, to haka za a ci gaba da hallaka takardun mutane ana ɗora musu kayan sata da ba a san abin da aka cusa a ciki ba, su kuma su shiga asusun bankinsu da shi. Ɗakunan kwamfuta na makarantunmu ma, je ka gani, injina jere an lulluɓe su da leda an ce sun mutu, alhali da yawansu irin ciwon tawa ne ke damunsu, ko ma bai kai ba.

Alhaji, roƙona gare ka shi ne ka riƙe yaron nan da kyau, ka kuma bar shi ya koya wa sauran 'yan'uwansa na shago. Na riga na yi wa shugaban makarantarmu maganar kwamfutocin da ke jibge a ɗakin ajiya, ya amince mu fara kawo muku kaɗan bayan hutu ku duba. Ka ce wa yaron ya tanadi fulas ɗinsa.

Allah ya yi wa kasuwa albarka, ya yi wa yaron nan albarka, ya saka wa iyayensa da alheri. Wassalam.

Naku,
Wani malamin sakandare, Kano.