Amsa ga Malamin da ya tambaye ni me ya sa matar marigayi ba ta yi haƙuri ba

Assalamu alaikum Malam,

Ranar da aka yi zaman tattauna littafina ka miƙe daga can baya ka jefo min tambaya a gaban jama'a, lokaci ya riga ya ƙure mai gabatarwa sai nuna min agogo yake yi, na ce maka zan ba ka amsa a rubuce, aka yi dariya, wasu ma sun ɗauka zillewa na yi. To ga ni na zo. Tambayarka yadda na riƙe ta ita ce, me ya sa na ɗauko mace da aka kashe wa miji na sa ta shafe kusan littafi guda tana farautar wanda ya yi sanadi, maimakon ta yi haƙuri ta bar wa Allah, kuma wai ba na tsoron matan da ke cikin irin wannan hali su karanta su ce ashe haka ake yi? Wallahi ban ji haushi ba, don tambaya ce da ni kaina na sha yi wa kaina cikin dare lokacin da nake rubutun.

Saboda waɗanda ba su karanta ba, ga labarin a gurguje. Mota ce ta buge mijinta da daddare yana dawowa daga aiki. Mai motar ya tsaya, ya fito, ya sunkuya ya ga mutumin nan yana numfashi, sannan ya koma ya ja motarsa ya yi gaba. Mutum ne mai hali, fayil ya yi ɓatan dabo, shaida ɗaya da ake da shi ya ce shi bai ga komai ba. Aka bar ta da yaro ɗan shekara bakwai da kuma "sai haƙuri". Ba hatsarin ne yake cin ta ba Malam, wannan tsayawar ce, ya tsaya ya gani ya tafi.

Abin da nake ganin ya kuɓuce maka shi ne, ni ban rubuta fansa a matsayin maganin baƙin cikinta ba, maɓoya ce ta samu. Ka koma ka duba, tun daga ranar da aka kawo gawar har kusan ƙarshen littafin matar nan ba ta yi kuka ba ko sau ɗaya. Mutane na ta yaba mata, kai wannan akwai tawakkali, alhali ita lissafi take yi a zuci. Wata huɗu da kwana goma na takaba tana zaune wuri ɗaya, masu gaisuwa sun ɗauke ƙafa tun mako na biyu, ɗaki ya yi tsit, takalminsa na nan bakin ƙofa inda ya saba cirewa ta kasa ɗaukewa ta kuma hana kowa taɓawa. Mutumin da ke cikin wannan shirun yana neman abin yi ko ta halin ƙaƙa, kuma fushi yana ba da aiki. Kuka ba ya ce maka tashi da asuba ka je wuri kaza, amma fushi yana faɗa, har da lokaci.

Shi ya sa na ba ta littafin nan na ajiyar bayanai na mijinta, wanda yake rubuta 'yan abubuwan da zai yi. Rubutunsa ya tsaya a tsakiya, ita ta juya shafi ta ci gaba da nata, lambar mota, sunan bakaniken da ya gyara gaban motar, ƙarfe nawa mutumin ke fita, wace hanya yake bi. Da biron mijin ma take rubutawa har tawada ta ƙare. Muddin tana rubutu a littafin nan, a wurinta zance tsakaninta da shi bai yanke ba, yana nan yana jiran ta gama masa wani aiki. Kuma ka lura ba ta taɓa juyawa baya ta karanta shafukansa ba, gaba kawai take yi.

Editana ma ya yi min irin ƙorafinka ta wata fuskar, wai ta daɗe a fushi da yawa, ya kamata zuwa tsakiyar littafi ta wuce zuwa mataki na gaba. Matakan jimami nan biyar yake nufi da kowa ya haddace, musu, fushi, ciniki, damuwa, sannan karɓa. Likitar da ta fito da su, Elisabeth Kübler-Ross, a 1969 ta yi, kuma daga hirarta da marasa lafiya da ke dab da mutuwa ta samo su, ba daga waɗanda aka yi wa rasuwa ba, daga baya ne mutane suka mai da su kamar tsani da dole mai makoki ya taka ɗaya bayan ɗaya. Matan da na zauna da su kafin in fara rubutu babu wadda ta hau tsanin nan a jere. Wata ta ce min shekara uku da rasuwar har yanzu idan ta ji ƙarar mukulli a ƙofa sai ta gyara zama. Wata kuma ta rage murya ta ce ita fa da marigayin take fushi, don me zai fita a daren. Ita ma Hukumar Lafiya ta Duniya a kundinta na cututtuka da ya fara aiki a 2022 ta sa doguwar jimamin da ke hana mutum gudanar da rayuwarsa a matsayin lalura mai zaman kanta, idan ta wuce aƙalla wata shida tana nan da ƙarfinta. Matar littafina da likita zai gan ta, ina jin can zai ajiye ta.

Kuma ba ni na ƙirƙiro gwauruwa mai neman fansa ba. A shekarar 945 mutanen wata ƙabila da ake kira Drevlian suka kashe Igor sarkin Kiyef, birnin da ke ƙasar Ukraine ta yanzu, har suka aiko wa matarsa Olga da neman aure ga shugabansu. Tsohon kundin tarihinsu ya ce jakadun farko ta sa aka binne su da rai, na biyu aka rufe su a ɗakin wanka aka cinna wuta, daga ƙarshe ta karɓi tantabaru da gwarare daga gidajen birninsu a matsayin haraji, ta sa aka ɗaura musu abin wuta aka sake su suka koma sheƙoƙinsu, gari ya kama. A Faransa kuma 1343 Sarki Filib na shida ya sa aka sare kan wani basarake mai suna Olivier de Clisson, matarsa Jeanne ta tara mayaƙa, ta shiga teku tana tare jiragen Faransa. Wadda ta fi tsaya min a rai ma Jalila ce matar Kulaibu a labarin yaƙin Basus na zamanin Jahiliyya, wadda ɗan'uwanta Jassas ne ya kashe mata miji, duk inda fansa ta faɗa jininta ne, yaƙin da aka ce ya ci shekara arba'in. Duk waɗannan, tarihi ya rubuta wutar da aka cinna da kawunan da suka faɗi, amma ba wanda ya rubuta mana daren da Olga ta koma ɗakinta bayan hayaƙi ya lafa, gadon yana nan yadda yake babu kowa a ɗaya gefen. Wannan daren nake so in rubuta, sauran shafukan hanya ce kawai ta zuwa wurin.

Maganar haƙuri kuwa, ni ba malama ba ce, kai ne malami, amma ai a Suratu Yusuf Annabi Yaƙub ya ce haƙuri mai kyau, kuma shi ɗin ne idanunsa suka yi fari saboda baƙin ciki. Ke nan haƙuri bai kore ciwo ba. Sannan a Baƙara aya ta 178 an wajabta ƙisasi an kuma buɗe ƙofar yafiya, a Isra'i aya ta 33 aka ce an ba waliyyin wanda aka kashe da zalunci iko, amma kada ya wuce iyaka. Yafiya tana da daraja ne don mai ita yana da haƙƙi a hannu ya sake shi. Ita kuwa matar nan ba a ba ta zaɓin ba, an ƙwace haƙƙin an ɓatar da fayil sannan aka ce ta yafe, kuma masu cewa ta yafen yawancinsu so suke ta yi shiru su huta. Da na sa ta yafe a babi na uku don a tafa min, da ƙarya na yi wa duk macen da aka taɓa toshe wa baki da kalmar nan.

Amma ban wanke ta ba fa, nan ne nake ganin ka yi saurin rufe littafin. Ta wuce iyaka. Ranar da ta nemo lambar 'yar mutumin, yarinya 'yar shekara goma sha biyar da ba ta san hawa ba ta san sauka ba, ta tura mata hoton gawar da hoton motar babanta, wannan zalunci ne tsagwaronsa kuma haka na rubuta shi, ban sa mata wani uzuri ba. Ga ɗanta kuma, wanda a farkon littafin ba ya rabuwa da zanenta, zuwa tsakiya ya koyi wanke kayan makarantarsa da kansa ya shanya, ya daina tambayar ina za ta, idan ta dawo da dare sai ya yi kamar barci yake. Uba mota ta ɗauke masa, uwa kuma fansa. Ban sa kowa ya fito ya yi wa'azi a kan haka ba saboda ina ganin mai karatu yana da ido.

Akwai wani bincike da Kevin Carlsmith da abokan aikinsa biyu suka wallafa a Amurka a 2008. Wasa ne na kuɗi aka haɗa mutane, aka sa wani ya cuce su, wasu aka ba su damar ramawa wasu ba a ba su ba. Kowa ya zaci ramawar za ta sanyaya masa rai, sai ga shi waɗanda suka rama su ne suka fi zama cikin ɓacin rai, don sun ci gaba da tunanin macucin, su kuwa ɗayan ɓangaren sun ce ba komai sun wuce. Ɗan ƙaramin gwaji ne, ba za a haɗa shi da kisan miji ba, amma na gane abin da suke nufi. Shekara biyu matar nan ta fi sanin ƙarfe nawa makashin mijinta ke shiga gida fiye da ƙarfe nawa ɗanta ke tashi daga makaranta.

Inda kake da gaskiya, kuma zan faɗa a fili tunda a fili ka tambaya, akwai babi biyu a tsakiya da ni kaina daɗin farautar ya kwashe ni, na rubuta su da zumuɗi kamar ina kallon fim, tana yi masa tarko yana faɗawa ina jin daɗi. Mai karatu zai iya fitowa daga wurin yana jin ta burge shi. Idan za a sake bugawa zan rage musu armashi, wannan na karɓa.

Amma ƙarshen ba zan taɓa ba. An kama mutumin, kotu ta yanke, ta dawo gida, washegari ta farka da asuba kamar kullum ta jawo littafin sai ta ga babu abin rubutawa. A nan ne karon farko ta juya baya zuwa shafinsa na ƙarshe, layi ɗaya ne kawai a ciki, "kai takalmin yaro gyara, Laraba". Ta tashi ta dube ƙarƙashin gado ta zaro takalmin, igiyar na nan a tsinke, ta kai shi kusa da ƙafar yaron yana barci ta ga bai kai tsawon tafin ba yanzu. A nan ta yi kukan. Ka ce min a taron ka tsaya ne a wajen da ta tura hoton don ranka ya ɓaci, saura babi huɗu ke nan Malam, don Allah ka ƙarasa su sai mu sake magana.

Wassalam,
marubuciyar