Zogalen bayan ɗaki

Ɗana, ya Birnin Kebbi, ya zafi? Mu nan Zuru lafiya lau, babanka na gaisheka.

Ƙanwarka ta gaya min wai tunda aka sallameku daga aikin nan ka daina zuwa sujada, har kana cewa addu'ar me ta tsinana maka. Ban kiraka ba dan nasan halinka, "ba komai Mama" zaka ce ka kashe waya.

Ka tuna zogalen bayan ɗakina, wanda ka saro reshe ka soka a ƙasa kana firamare? Shekaru na hana kowa taɓa shi sai ya miƙe siriri kamar falwaya, ganyen can sama, da gora nake kaɗowa kuma ko kwaɗon mutum biyu baya fita. Bara gab da damina babanka ya sa adda ya datse shi daidai ƙugu. Ranar ko sannu da zuwa ban masa ba. Ruwa na sauka sai ga toho ta ko'ina a jikin kututturen, yanzu a tsaye nake tsinka da hannu har maƙwabta na aiko yara da kwano (babanka kuwa har yau dariya yake min).

Buɗe Yohanna 15:2 ka gani, reshen dake bada 'ya'ya shi Yesu yace ake yiwa aski dan ya ƙara. Ni bance Allah ne ya koreka ba, mutane ne, kuma basu kyauta ba. Amma ni a ganina ba sara ke kashe zogale ba, ruwa ne in ya kwanta a gindinsa saiwar ta ruɓe, daga nesa kamar lafiya, wata rana iska kaɗan ya faɗi. Zaman ɗakin nan da kake kai kaɗai kana haɗiye baƙin ciki shi nake tsoro.

Ayuba ma a 14:7 yayi zancen itacen da aka sare ya sake toho, kuma cikin ƙorafi ya faɗa, yana ganin gara itace dashi. Sai dai da Allah yake maganar, bai juya masa baya ba. In fushi kake yi kaje gabansa kayi.

Ran Lahadi ka shirya kaje ko bencin baya ne ka zauna. 'Yan Zumuntar Mata na sa ka a addu'a. Na shanya maka zogalen a inuwa, da ƙuli-ƙuli zan bawa direba ran Asabar, ka bar wayarka a kunne.

Mamanka