Daga ma'adana mai nauyin tan ɗaya zuwa memori kamar farce

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in ja hankalin matasanmu ga darajar abin da ke aljihunsu. A shekarar 1956 kamfanin IBM na Amurka ya fitar da ma'adanar bayanai ta kwamfutar RAMAC, mai faifai 50 da nauyin kimanin tan ɗaya, amma ba ta ɗaukar abin da ya wuce megabait 5, wato hoton biki biyu na wayar yau ya isa ya cika ta. Makon jiya a kasuwar Wunti na sayi memori mai gigabait 64, wanda bai kai farcen babban yatsana ba, ɗana kuwa ya cika shi da waƙoƙi, ko littafin makaranta ɗaya babu.

Naka,
Mai karatu daga Bauchi